Murya Biyu a Gindin Tsamiya

Ni Salifu ban yi lakwal ba, wato boko, allon ma a izifi biyar na tsaya. Amma na san muryar ɗiyata Zubaida, kuma abin da na ji ranar nan a bayan garinmu, arewa da Urafane, ba muryarta kaɗai ba ce.

Ta zo hutu ne daga jami'a, inda take karatun Ingilishi. Lokacin noman maimai ne, hatsi ya kai ƙugu. Na taso daga gona rana tsaka, sai na hango ta a kan tudu, gindin tsamiyar da ko makiyaya ba su yarda su zauna ba a irin wannan lokaci. Ita kaɗai. Ta yi magana da muryarta cikin yaren da ban sani ba, ta yi shiru. Sai wata murya mai kauri, ta namiji, ta fito daga bakinta ta amsa. Ta juya hagu ta marairaice, ta juya dama ta ɗaure fuska.

Na durƙushe cikin hatsi. Addu'ar da nake yi tun ina yaro ta ɓace mini.

Kwana uku ina laɓewa, kwana uku abu ɗaya. Ran na huɗu na gaya wa uwarta Mairo. Ta saki muciya.

"Malam, ba haka Talle ta fara ba?"

Talle ƙanwata ce. Da surutu ita kaɗai ta fara, ta ƙare a ɗaure cikin ɗaki shekara tara, har Allah ya karɓi abinsa. Na ce wa Mairo ta rufe bakinta, na aika a kira Malam Umaru liman, sannan na kira yarinyar zaure.

"Jami'ar nan kin gama da ita. Ba ki komawa."

"Baba, mi na yi?"

"Da wa kike magana a gindin tsamiya?"

Ta dafe ƙirji. "Baba, aikin da mushe, malaminmu na jami'a, ya ba mu ne! Mu ɗari biyu ne a aji, in ya tsaya shi kaɗai yana bayani, shekara sai ta ƙare wani bai buɗe baki ba. Shi ne ya raba mu biyu-biyu, wannan likita, wannan maras lafiya, mu yi ta hira, mu ɗauka a waya mu tura masa. Abokiyar aikina Fadimatu tana Kanan-Bakashe, wayarta ta faɗa rijiya. Sai nake yin nawa, in yi nata."

"A gindin tsamiya."

"Nan kaɗai ake samun rezon waya, Baba."

Maganar ta hau daidai, kuma shi ne ya ƙara tsorata ni. Talle ma, a farko, kowace tambaya tana da amsarta.

Malam Umaru ya shigo, ya zauna, ya fara karatu yana kallon idonta. Ba ta zabura ba, ba ta faɗi ba. Binsa ma ta riƙa yi a hankali har ya kai ƙarshe.

"To, 'yata," ya ce, "kira mana baƙon naki mu ji."

Ta sunkuyar da kai don kunya, ta gyara murya. Abin ya fito, a cikin zaurena, taku biyu daga inda nake. Mairo ta fasa salati daga bayan zana.

"Tsaya!" na daka mata.

Ta tsaya a tsakiyar kalma.

"Sake."

Ta sake.

"Tsaya. Mi ya ce?"

"Ya ce in sha maganin sau uku a wuni, kuma in daina shan ruwan tabki."

Malam Umaru ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Salifu, aljanin naku lakwal ya yi! Maza ka nuna masa gwiwar nan taka mai ciwo kafin ya tahi."

Ni ban yi dariya ba. Na daɗe ina dubanta, ita kuma hawaye na zuba, tana jira.

"Mushen naku cewa ya yi mutum biyu ko mutum ɗaya?"

"Biyu, Baba."

"To shi ya san abin da yake yi, ke ce ba ki sani ba. Za ki koma. Amma muryar nan ba ta sake fita daga bakinki, ko a nan ko a can."

"Baba, aikin hwa? Saura hira takwas."

Washegari na hau kabu-kabu, abin da na tsana, har Kanan-Bakashe. Na nemi gidan su Fadimatu, na yi sallama da ubanta, mutumin da ban taɓa gani ba. Na ce masa na zo aron ɗiyarsa na kwana goma. Ya tambaye ni aikin mi za ta yi, noma ko daka.

Na ce likita za ta zama.