Ƙafa Biyu a Kan Gorar Tamba

Saƙon ya iso Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, ranar Talata da hantsi. Ummu Hani ce ta kira daga Argungu, ta shaida wa Baba Kunle cewa mahaifinta Tamba ya kwana huɗu bai ci abin kirki ba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a watan jiya, ya juya fuskarsa ga bango, ba ya amsa wa kowa. Likita ya ce jikin zai iya farfaɗowa idan ya ci abinci ya sha magani, amma tsohon ya ƙi.

"Jiya dai ya yi magana sau guda," in ji ta. "Cewa ya yi a hwaɗa maka ka kawo jitarka. Baba, ko tana nan?"

"Tana nan, ɗiyata. Gobe bayan azahar ina ƙofar gidanku."

Kunle ya zo Birnin Kebbi daga Ogbomosho yana saurayi, yana sayar da kayan keke, ya zo kuma da wata jar jita ta lantarki da ya saya hannu na biyu a Ibadan. Su biyar suka haɗa ƙungiya, suna kiɗa duk Asabar a wani kulob da ke unguwar Nasarawa. Tamba shi ne mai ganga, Bakabe ne da ke su a kogi sauran kwanakin mako. Uku daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Jitar kuwa ta shekara goma sha ɗaya a saman kwaba, naɗe cikin tsohon zanen matarsa Ajoke.

Da ya sauko da ita, jan fentin ya koɗe daidai inda hannunsa ke gogawa, siririyar tsirkiya kuma ta tsinke. Ajoke ta tsaya a bakin ƙofa tana dubansa.

"Da waɗannan yatsun za ka kaɗa? Jiya ni na saka maka maɓallin riga."

"Dafa mani ruwa, ki kawo man kaɗe."

"Ka kai masa lemu da addu'a kamar sauran mutane."

"Lemu ya cika ɗakinsa. Bai aiko a kawo lemu ba."

Ya warware wayar birkin keke, ya zaro sili guda ya ɗaura a gurbin tsirkiyar, kamar yadda suke yi a da. Ya jiƙa hannuwansa a ruwan ɗumi, ya shafa mai, ya zauna yana bin kiɗa guda ɗaya tak, wanda shi da Tamba suka tsara suke rufe wasa da shi. Kafin magariba fatar yatsu biyu ta tashi. Bai ajiye ba sai da kiɗan ya fita daga farko har ƙarshe sau uku.

Washegari ya kama kujera biyu a motar Argungu, ɗaya tasa, ɗaya ta akwatin sauti, tsohon amfilifaya mai nauyin buhun albasa. Jitar ya rungume ta a ƙirji har suka isa.

Ummu Hani ta yi masa tarba irin ta babban baƙo. Lokacin zafi ne, saboda haka ta share daɓen ƙasar ɗakin mahaifinta, ta yayyafa masa ruwa sosai domin ya yi sanyi, ta ajiye kujera 'yar tsugune kusa da gado. Kunle ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Shekara hamsin ke nan bai taɓa shiga ɗakin mutum da takalmi ba a ƙasar Kabi.

Tamba yana kwance, baya ga mutane. Ya rame har kafaɗarsa ta fito. A gefen gado akwai kwanon kunu a rufe, ba a taɓa ba. A bango kuma an rataye babbar gorarsa ta su, wadda yake hawa ya bi ruwa da ita.

"Salamu alaikum, Bakabe. Na zo da ita."

Tamba bai motsa ba.

Aka yi sa'a akwai wuta. Kunle ya jona akwatin, ya jira ya yi ɗumi har ya fara gunji, ya ɗora jitar a cinya, ya kai yatsu kan tsirkiya. Nan take wuta ta fizge shi daga hannu har haƙora. Jitar ta zame, ya tare ta da gwiwa, akwatin ya yi wata ƙara mai ban tsoro.

"Subhanallahi," in ji Ummu Hani. "Baba, mi ya faru?"

Kunle ya dubi ƙafafunsa a kan jiƙaƙƙen daɓe, sai ya tuna. Akwatin nan tun asali yana yoyon wuta zuwa cikin tsirkiya. A kulob a kan katako suke tsayawa, da takalman roba a ƙafa, don haka ba ya cizo. A gidansa ma jiya yana kan leda da silifas. Yau ga ƙasa jiƙe, ga ƙafa tsirara.

"Ba laifinki ba ne. Ke kin girmama ni da ruwa, ni na girmama ɗaki da cire takalmi, akwati kuma ya hukunta mu duka."

"To bari in ɗauko maka takalman."

"A'a. Nan yake salla. Ban shigo masa da takalmi yana tsaye ba, ba zan fara yana kwance ba."

"Ko a kashe wutar ka kaɗa hakanan?"

"In ba da wuta ba, ko ke da ke kusa ba za ki ji ta ba, balle shi da ganga ta cinye wa kunne."

Ta kawo tabarma, amma kafin ya zauna danshi ya ratsa ta. Ya matse hannunsa na hagu a hammata, yana duban ɗakin kusurwa kusurwa, har idonsa ya tsaya a bango.

"Sauko mani da gorar nan."

Ummu Hani ta ce, "Ba ya bari a taɓa ta."

"In ya ji haushi ya juyo ya hana ni."

Ta sauko da ita. Gorar ta bushe ƙarau, ta yi santsi saboda shekarun da ƙirjin Tamba ya yi yana gogarta. Kunle ya jawo wata kujerar katako mai tsawo ya hau, ya goge tafin ƙafafunsa da hularsa, ya ɗora su biyu a kan gorar. Ya taɓa tsirkiya da bayan yatsa, a hankali. Ba ta cije shi ba.

Sai ya fara. Sautin ya fito da kauri da ɗan kaushi, wayar birki tana kuka sama da sauran. A zagaye na farko yatsansa ya kuskure wuri biyu. Ya koma farko. Fatar da ta tashi jiya ta fashe, ya ga jini a kan tsirkiya, bai tsaya ba. A kiɗan akwai gurbin da jita ke yin shiru domin ganga ta amsa. Ya iso wurin, ya yi shiru, ba abin da ya amsa. Ya zagayo ya sake barin gurbin. Ya bar shi sau na uku.

A na huɗu aka ji ƙwas, ƙwas-ƙwas. Hannun hagun Tamba ne ya sauko daga gado, yana dukan murfin kwanon kunu da ƙumba. Ummu Hani ta toshe bakinta da mayafi. Kunle bai ɗaga kai ba, ya ci gaba, murfi yana amsa masa a kowane gurbi har suka kai ƙarshe tare.

Tamba ya juyo da ƙyar. Bakinsa ya karkace, maganar tana fita a ja, amma an ji ta.

"Bayarabe. Har yanzu gaggawa kaka yi."

"Kai ne ka yi nauyi. Mai ganga da yunwa ba ya riƙe ni."

Idon Tamba ya sauka ƙasa. "Ƙafarka ce bisa gorata?"

"Ita ce, duka biyun. Kuma ba zan sauke ba sai ka shanye abin da ke cikin kwanon nan. In ka ƙi, nan zan kwana ina maimaita kiɗan, da gaggawar tawa."

Tamba ya dubi 'yarsa ya ɗaga mata gira. Ta tallafo shi ta jingina da matashi, ta buɗe kwanon, ta ɗebo a ludayi. Ya sha na farko, ya sha na biyu. Da ta miƙa hannu za ta kawar da murfin gefe, sai ya dafe shi.

"Bar mani wanga," ya ce. "Kunle, koma daga farko. A hankali."