Darmar Baba Kalli

Yarinyar Meram lafiyarta lau, har ta fara rarrafe. Amma sai kun ji yadda aka yi.

Mijin Meram, Dunoma, ɗan Gashua ne, wata takwas yana Nguru yana koyon ɗaukar hoton ƙirji a asibiti, wajen Malam Mudi da ya koyo a Kano. Hoton da ya fara ɗauka shi kaɗai na ubansa ne, Baba Kalli masunci, ranar da Malam ya yi tafiya. Wani tabo ya fito a hagu. Dunoma ya ce ciwon huhu ne. Tsohon ya koma Dagona, ya daina cin abinci, bai ga kaka ba ya rasu.

To, sai ga 'yarsu tana tari. Meram da surukarta Gogo suka biyo motar gyaɗa da ita. Malam Mudi ya ce Dunoma ya ɗauka. 'Yar fari ce fa, ga uwarsa a tsaye, ko sunanta ba ya faɗa, balle ya taɓa ta. Ya kau da kai, Gogo ta kwantar da ita da rigarta, ya danna.

A ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila, haƙarƙari suka fito ƙanana kamar ƙayar kifi. Ga tabo a hagu, daidai wurin na tsohon. Da Meram ta ga fuskar Dunoma sai ta zauna a ƙasa.

Malam Mudi ya ɗaga hoton ya daɗe yana dubawa.

"Da hannunka ka tuɓe ta?"

Dunoma ya girgiza kai.

"Kunyarka ka bar ta a ƙofa. Tuɓe ta."

Dunoma ya cire mata rigar. Laya ce a ƙarƙashin hammata. Gogo ta ce ita ta rataya mata, ta marigayi ce, da darmar tarunsa a ciki, shekara talatin bai raba ta da jikinsa ba, ko wanka zai yi.

Aka cire layar aka sake ɗauka, ƙirji fes, mura ce kawai. Meram ta rungume 'yarta tana dariya tana hawaye.

Dunoma bai yi dariya ba. Ya juya wajen uwarsa.

"Gogo, ranar da na ɗauki Baba, layar tana jikinsa?"

"Kai ka isa ka ce ubanka ya tuɓe?"

Har yau hoton tsohon yana akwatinsa. Meram takan gan shi ya ɗaga shi a hasken rana, yana gwada layar a kan tabon.