Saukar Hajjo a Khartoum

Malam Zainulabidin ba ya karɓar "wai". Malamin hadisi ne a wata Islamiyya a Gwarzo, ko cewa ka yi an sha ruwa a Garo, sai ya tambaye ka wa ya gani da idonsa.

Ga shi kuwa mahaifiyarsa Hajjo, can Madadi, shekara ashirin da biyu ana yi mata dariya. Da ta dawo hajji a zamanin ostariti, cewa ta yi jirginsu na kamfanin Shamuwa ya sauka a Khartoum, har ta ga yayanta Abdulmuttalib, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun tana yarinya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Alhazan garin da suka bi wani jirgin suka ce Kano zuwa Jidda ai a miƙe ake tafiya. Tun daga nan duk wanda ya shara ƙarya sai a ce, "Ka sauka Khartoum ke nan." Abin na cin Hajjo a rai, ga tsufa ya zo. Ɗan nata ya ƙudura ba za ta mutu da sunan maƙaryaciya ba.

Da aka buɗe shagon intanet kusa da tasha, Malam ya gano wani kundin ilimi da kowa ke iya gyarawa. Ga shafin Shamuwa, ga jerin garuruwan da jirginsu ke sauka, babu Khartoum. Ya ƙara shi, ya kuma kawo hujja irin ta gidansu: "Hajjo 'yar Malam Ahnaf ta ba ni labari baki da baki, kuma amintacciya ce, ba ta da mantuwa." Niyyarsa ya buga shafin a takarda ya kai Madadi.

Kashegari an goge tas. Wata mai gyara, Rufaida, ta bar masa saƙo: "Malam, a yi haƙuri. Hanyar jirgi sai da abin da aka buga, jarida ko jadawali."

Ka ce zai fusata? Ina! Mamaki ne ya kama shi. Ashe su ma suna tantance ruwaya, sai dai takarda suke bincika ba mutum ba. Ya rubuta mata, "In jaridar ta yi ƙarya fa?" Ta ce, "Sai a kawo wata da ta ƙaryata ta." Ya daɗe yana jinjina kai.

Neman takarda ya kai shi Kabo, wajen Alhaji Maikuɗi, tsohon jagoran alhazai da ba ya yar da ko tikiti. Bayan doguwar gaisuwa, Malam ya faɗa masa yadda suka yi da Rufaida, tsohon ya zaro jadawalin Shamuwa daga adaka. Kano, Jidda, shi ke nan. Malam ya sake dubawa, babu Khartoum.

"Yarinyar nan ta yi gaskiya, Khartoum ba hanyarmu ba ce," in ji Alhaji. "Amma shekarar mun sauka. Guguwa ce ta tare mu, muka yi awa uku. Wa zai buga wannan? Har wata mata ta riƙe rigar wani mai shara tana kuka, da ƙyar na janye ta."

Malam ya miƙe tsaye. "Baba, za ka iya hawa babur?"

Bayan la'asar, a ƙofar gidan Hajjo, Alhaji ya maimaita labarin gaban dattawan Madadi. Masu bakin tsiya duk suka sunkuyar da kai, kunya ta ishe su. Hajjo ko kallonsu ba ta yi ba. Ta matso bakin zaure.

"Alhaji, ka ga fuskarsa sosai? Ni hawaye bai bar ni na gani ba."

"Na gani, Hajiya. Yana da wushirya irin taki, kuma dariya yake ta yi."

Ta zauna a dandamali a hankali, ta kama bakin mayafinta.

"Ashe dariya yake," ta ce. "Ni duk shekarun nan na ɗauka kuka na bar shi yana yi."