Takalma a Bakin Ƙofa

"Ki tsayar min da ita a bakin ƙofa, Khaulah, ko da babu fuska," in ji Madam Lenore, tana nuna farin gurbin da na bari a tsakiyar zanen.

Na ajiye buroshi. "Madam, na gaya miki ba na zana mutum."

"Wata huɗu ina koya miki, taurin kai kawai kika ƙware."

Tsohuwar nan bakinta ya fi hannunta lafiya. Ba'amurkiya ce mai shekara tamanin da ɗaya, ƙofarta tana kallon tamu a hawa na sha bakwai a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur. Duk rayuwarta hotunan littattafan yara take zanawa, wasu ma ita ta rubuta su. Ta biyo mijinta Malaysia, ya mutu ya bar ta, likita kuma ya hana ta hawa jirgi saboda ciwon zuciya. Ni ma miji na biyo, Tajuddeen, yana digiri na uku. Bizata ta zaman gida ce, ba aiki ba karatu, shekara uku rabona da Kano. Sai mu zauna ta bayan ƙarafan tagarta muna kallon jirgin ƙasa na LRT yana wucewa da masu wurin zuwa.

Da karkarwa ta hana ta riƙe buroshi, sai ta mayar da ni hannunta. Gidan da aka haife ta a Ohio take so a zana, na katako, da baranda da gonar masara a baya. An rushe shi tuntuni, hotonsa ko ɗaya babu, a kanta kaɗai ya rage. Mun gama komai sai mahaifiyarta, wadda take so ta sake gani kafin ta mutu.

Na kai wa Tajuddeen maganar yana cin abincin da ya yo tapau, wato ya sayo a ƙunshe daga waje.

"Gida da bishiya, boleh, ba laifi," ya ce da salon maganar 'yan Malaysia. "Amma mutum, ke ma kin san hukuncin. Just ki lallaɓa ta lah."

Na sani tun ina Islamiyya, ba sai ya faɗa ba. Amma wallahi abin ya tsaya min a rai. Mace tana numfashi da robar iska a hanci, abu ɗaya ta roƙe ni, na kasa.

Ranar Litinin bayan la'asar, ana tsuga ruwa, barci ya ɗauke ta a kujera. Na cike gurbin da ƙofa a ɗan buɗe, na zana takalman mata ƙafa biyu a gabanta.

Da ta farka ta ƙura wa zanen ido. "Wannan kuma fa?"

"Mamarki ce, tana ciki. Ba ga takalmanta ba?"

Ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta. "Khaulah, mu a Ohio ba ma cire takalmi a ƙofa! Uwata da nata take shiga har kicin."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Daga Kano har Kuala Lumpur ban taɓa ganin gidan da ake shiga da takalmi ba. Na ɗauko tsumma zan goge, sai ta cafke min wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Bar su." Ta daɗe tana kallo, idonta ya kawo ruwa. "Gajiya ta yi, shi ya sa ta cire. Tana ciki."

Ranar Alhamis da hantsi mai jinyarta ta ƙwanƙwasa mana ƙofa tana kuka. Masu ɗaukar gawa suka zo, gadonsu ya ƙi shiga lif a kwance, sai da suka ɗaure ta suka jingine shi a tsaye. Shekara biyu ba ta sauka ƙasa ba sai ranar. Na yi kuka sosai, ban ɓoye wa kowa ba.

Shuɗayen silifas ɗinta suna nan a bakin ƙofarta, babu wanda ya taɓa. Zanen kuwa ashe ta sa an rubuta sunana a bayansa, ni ta bar wa.

Da yamma na dama shuɗin fenti, na zana silifas ƙafa biyu kusa da takalman mahaifiyarta. Na jingine zanen a jikin ƙarafan tagarmu don ya sha iska.