Mabuɗin Saman Bene

Mahfuza ta raɓa ta gefen gangunan da aka jera a ƙofar gida, tana tattare bakin zaninta kada ya shafi abin da ke tsiyaya. Tun da Alhaji Sobhan, mai gidan, ya ba masu haɗa turare hayar ƙasan bene, warin sinadari ya zama abokin zaman kowa. A tsohon garin Dhaka wannan ba labari ba ne. Ƙasa sito, sama mutane, tagogi duk an ɗaure su da ƙarfe saboda ɓarayi, matakala kuma ɗaya tal.

Shekaranjiya gobara ta cinye wani gida a layin baya. Waɗanda suka tsira, sama suka hau suka tsallaka rufin maƙwabta. Nasu saman kuwa kwaɗo ne a ƙofarsa, don Alhaji na kiwon tantabarun tsere a can, kuma ya fi yarda da kyanwa a kan ɗan haya.

Wajen mai shayi Mahfuza ta sami Alhaji.

"Kawu, mabuɗin sama nake roƙo."

"Ku cika min wurin tsuntsaye da shanya? Gidan nan shekararsa arba'in, ko tsinke bai taɓa ƙonewa ba."

"Da can ai babu ganguna, Kawu. Inna nake ji. Ka san ba ta takawa."

Mai shayi ya sa baki. "Alhaji, ba ta mana. In wuta ta tashi kana masallaci, wa zai buɗe wa tantabarun?"

Aka kwashe da dariya. Alhaji bai dara ba. Sai ya ciro mabuɗin ya miƙa mata. Abin ya yi mata ciwo, don saboda tantabaru ya bayar, ba saboda Inna ba, amma mai nema ba ya fushi.

A hawa na huɗu ta tarar da mahaifiyarta kwance inda ta bar ta, ɓarin jikinta a shanye.

"Inna, zo in goya ki mu gwada."

"Ke? Da buhun shinkafa ma sai an kama miki?"

Duk da haka ta goya ta, ta ɗaure da mayafi. Taki goma sha huɗu ne a matakalar zuwa ƙofar sama. A na biyar ta fara dafa bango. A na bakwai ta durƙushe, tana haki. Da rana tsaka ke nan, babu hayaƙi, babu mai ture ta. Tsoro ya kama ta fiye da lokacin da ƙofar ke kulle.

Suka zauna a nan, tsohuwar ta jingina da bango.

"Mahfuza, in ranar ta zo, ki hau abinki. Kar ki juyo."

"Haba Inna, ki daina."

"Na ce kar ki juyo. Amsa min."

Mahfuza ƙasa take kallo, domin ko yadda za ta mayar da ita ɗaki ma ba ta sani ba.