Lamba Talatin da Bakwai

Shekara huɗu ina shiga ɗakin injin gidan ruwa da takalmin wani ƙato da aka kwashe zuwa fagen yaƙi. Lamba arba'in da uku ne, ni kuwa talatin da bakwai nake sawa. In cusa tsumma a gaba, in sa safa biyu, in ja ƙafa. Mu goma sha ɗaya ne mata, mu muka riƙe famfunan garin nan ana ruwan bama-bamai, kuma babu wanda ya taɓa duban ƙafarmu.

Sai da aka yi sulhu, maza suka dawo neman gurabensu, sannan Manaja ya gano yana tausayin yatsunmu. Ya tara mu yana murmushin nan nasa na mai sayar da ruɓaɓɓen kaya.

"Kun yi ƙoƙari, Allah ya saka. To amma doka ta ce ba a shiga ɗakin inji sai da takalmi mai ƙarfe a baki, daidai ƙafar mutum. Mafi ƙanƙanta a sito arba'in da biyu ne. Wadda ba ta samo nata ba nan da mako biyu, sai ta huta a gida."

Na ce, "Yallaɓai, ina dokar ta shiga ranar da bam ya rufto da rufi a kan ƙanwata a ɗakin nan?"

Ya duba agogonsa.

Mun karaɗe kasuwa kaf, babu. Wa zai shigo da takalmin aiki na mata garin da ko ƙusa ta yi wuya? Sakatariyar ƙungiyarmu, wata 'yar siririya mai bakin tsiya, ta rubuta kukanmu a zauren waya na mata ma'aikata daga ƙasashen da suka fito daga yaƙi. Saƙonnin jaje suka yi ta zuba, har da hotunan furanni. Na ce ta tambaye su ko fure yana shiga ƙafa.

Ana saura kwana biyu ta zo gidana da kwali a ka. Ta dire shi, ta ƙi haɗa ido da ni.

"Yaya, an samu. Amma ki zauna tukuna."

"Daga ina?"

"Daga ƙetaren iyaka. Matan tashar wutar lantarkinsu ne suka haɗa."

Wato mutanen da suka kashe mini ƙanwa. Na shuri kwalin nan har ya kife, takalma suka watse a tsakar ɗaki, duk an taɓa sa su, wasu da maiƙo.

"Kwashe! Gara in zauna a gida in ci ƙasa."

"Ai abin da Manaja ke so ke nan," in ji ta. "Ki bari in karanta miki takardarsu, sai ki kore ni."

Ta karanta tana juya mini zuwa harshenmu. Sun ce su ma haka aka yi musu bara, da takalmi aka fara. Sun ce kada mu saki jiki, akwai dabara ta biyu, maganinta yana ƙasan kwali. A ƙarshe wata ta ƙara layi da hannunta: mai lamba talatin da bakwai na 'yarta ne, jirgin yaƙinmu ya kashe ta a bakin aiki, kuma ba ta son takalmin ya zauna banza.

Ban yafe ba, kada wani ya yi mini ƙarya. Amma na ɗauki takalmin na zura ƙafa. Ya zauna ɗas, babu tsumma. Na yi kuka, haushin kukan ma ya ƙara tunzura ni.

Ranar da wa'adi ya cika muka jeru a ƙofar ɗakin inji. Manaja ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana danna bakin takalmi da babban yatsa. Da ya ƙare ya gyara murya.

"Madalla. Sai dai akwai wata 'yar matsala. Doka ta ce dole mata su sami banɗakinsu daban, mu kuma a nan..."

Sakatariya ta fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na buɗe jaka na zaro abin da ke ƙasan kwalin: ɗan allon ƙarfe mai zanen mace, an haɗo shi da kusoshi huɗu. Banɗaki biyu ne a gidan ruwa, na ma'aikata da nasa shi kaɗai mai makulli. Na wuce shi na nufi nasa.

"Ke! Wa ya ba ki wannan?"

Na sa ƙusar farko na ɗaga gudumar da na zo da ita.

"Abokan gaba, Yallaɓai. Ba su taɓa ganinka ba, amma sun san ka."