Gilashin da Ke Kashe Rawar Hannu

"Da ni kake ciniki ko da ita?" Mai hoto ya daki kanta da tafin hannu har ƙananan kwalaye suka yi tsalle.

Mai shagon kyamarori ya yi yaƙe. Tun da suka shigo autar dattijon yake ta yi wa bayani, alhali ita rakiya kawai ta yo. Uban ne ya zo sayen sabon gilashin kyamara, bayan editan mujallar da yake kai wa hotunan tsuntsaye ya dawo masa da na wata guda, ya ce duk sun yi dishi-dishi. Shi kuwa ya ɗora laifin a kan tsohon gilashinsa, wanda ke cikin jaka a gefen ƙafarsa.

Gilasai biyu ne a kan kantar. Ɗaya fari ne, dogo, mai kaurin cinya, sabon samfurin irin nasa. Ɗayan baƙi ne, bai kai rabinsa ba.

"Yi haƙuri, Baba," in ji mai shago. "Wannan ƙaramin ana zuƙowa ana mayarwa, ga shi sakayau. Masu ɗaukar ƙwallo ma shi suke saya yanzu."

"Na ce maka ƙwallo nake ɗauka? Ɗan ƙwallo yana tashi sama in ya ji motsinka? Babban na ce ka ba ni."

"Ai ƙaramin yana da abin da ke kashe rawar hannu," in ji mai shago. "Zai fi maka. Tunda likita ya ce..."

Ya haɗiye sauran maganar, amma ta riga ta fita. Mai hoto ya juya a hankali ya dubi 'yarsa. Auta ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakarta.

"Wane likita?"

"Baba, jiya na biyo ta nan. So nake a ba ka abin da zai..."

"Kin biyo ta nan. Kin kwashi sirrina kin kawo kasuwa! Sauran wa kika gaya wa? Editan ma ke ce?"

"Wallahi ban gaya masa ba. Shi ya gani da idonsa."

Wannan ta fi yi masa ciwo. Ya fizgo kyamararsa daga wuya, ya ce a ɗaura masa babban. Mai shago ya ɗaura, ya biyo shi har bakin ƙofa da hannuwa a buɗe kamar mai tarar jariri.

A tsallaken titi, wata shirwa na zaune a kan tankin ruwan wani bene. Mai hoto ya kafa ƙafafu, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ya riƙe numfashi, ya danna. Ya sake dannawa, har sau goma sha biyu. Yana jin bakin gilashin yana kaɗawa, yana ƙara matse shi, yana ƙara kaɗawa. Da ya duba bayan kyamarar, kowace shirwa baki biyu gare ta.

"In aka ɗora shi a kan ƙafa uku..." mai shago ya fara.

"A cikin kwalekwale? A cikin taɓo? Ka taɓa ganin zalɓe ya tsaya jiran mutum ya gama kafa ƙarafa? Kai dai sayarwa ka iya!"

Auta ce ta koma ciki ta ɗauko baƙin, ta miƙo masa ba tare da ta dube shi ba. Ya daɗe yana hararar sa kafin ya karɓa. Da ya ɗaura shi ya kai ido, sai ya ji wani ɗan ƙugi a cikin gilashin, hoton da ke rawa ya tsaya cak kamar an dafa shi. Ya danna sau ɗaya.

"Dubi shirme," ya ce yana nuna musu. "Tsuntsuwar ta ƙanƙance. Ga wayoyin lantarki, ga shanyar mutane, duk sun fito. Da nawa ne, da ya narkar da su, ya bar tsuntsuwar kaɗai."

Ya zuƙo hoton da babban yatsa, yana neman abin da zai ƙara kushewa. Idon shirwar ya cika fuskar kyamarar, tar, har da ɗigon hasken rana a ciki. Yatsan nasa na karkarwa a kan maɓallin, idon kuwa ko gezau.

"Saka shi a kwali," ya ce da ƙyar.

"To Baba," in ji mai shago, "in za ka bar mana tsohon, sai a rage maka..."

"Ba na sayarwa ba ne."

Ya biya, ya rungumi kwalin ya fita. Ya manta da jakar tsohon gilashin, ko kuma ya ƙi ɗauka. Auta ta sunkuya ta ja ta da hannu ɗaya, ta ƙi tasowa. Sai da ta sa hannu biyu ta kai ta kafaɗa, ta bi shi a karkace, igiyar na cin wuyanta.

A bakin titi ta cim masa tana haki.

"Baba, wannan kake ɗauka kullum?"

Bai waiwayo ba. Yana kallon motocin da ke wucewa.

"Shekara ashirin da shida," ya ce. "Sauya kafaɗa, za ki ji sauƙi."